Dala ɗaya da dala ashirin: yadda ɗaliban Stanford suka gaskata ƙaryar bakinsu

A ƙarshen shekarun 1950, duk ɗalibin da ya ɗauki darasin share fage na ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya a Amurka, dole ne ya ba da wasu sa'o'i a yi gwaji da shi. Daga cikin gwaje-gwajen da ake sa hannu a kansu akwai wani na awa biyu, wanda aka ce na auna ƙwazon aiki ne. Ɗalibai maza 71 suka shiga. Masu gwajin su biyu ne: Leon Festinger, malami ɗan asalin birnin New York wanda ya yi karatu a hannun masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin, da James Merrill Carlsmith, wanda a lokacin shi ma ɗalibi ne, ko digirin farko bai kammala ba. A 1959 suka buga sakamakon.

Ɗalibi ɗaya ake shigarwa a lokaci guda. Sai a zaunar da shi, a ajiye masa faranti da kwarkwaron zare guda 12. Aikinsa ya jera su a kan farantin da hannu ɗaya, ya kwashe, ya sake jerawa, ya sake kwashewa. Rabin awa yana wannan. Daga nan a ɗauke farantin a kawo masa allo mai 'yan sandunan katako 48 masu kusurwa huɗu. Zai murɗa kowace sanda rubu'in zagaye, in ya kai ta ƙarshe ya dawo ta farko ya sake murɗawa. Wani rabin awa ke nan. Mai gwajin na zaune a gefe da agogo a hannu yana 'yan rubuce-rubuce kamar wani abin kirki yake lura da shi. Babu abin da yake aunawa. Da gangan aka tsara aikin don ya gunduri mutum, don in an zo tambayarsa daga baya kowa ya san ainihin abin da ya ɗanɗana.

Bayan awa ta cika, mai gwajin zai jingina da kujera kamar an gama, ya ce bari ya yi masa bayanin abin da ake nema. Wai rukuni biyu ake da su. Rukunin farko, wanda shi ɗalibin yake ciki, ba a gaya musu komai kafin su fara. Rukuni na biyu kuwa akwai wani ɗalibi da aka ɗauka haya, yana zama a ɗakin jira kamar wanda ya fito daga gwajin yanzu, ya gaya wa mai shiga cewa aikin akwai daɗi da ban sha'awa. Wai ana son a ga ko jin haka yana ƙara wa mutum ƙwazo. Duk wannan tatsuniya ce.

A nan hanya ta rabu uku. Wasu ɗaliban iyakarsu ke nan, aka wuce da su wurin mai yi musu tambayoyi. Su ne ma'auni, waɗanda za a ji ra'ayinsu ba tare da an taɓa shi ba. Sauran kuwa sai mai gwajin ya shiga kame-kame kamar wanda kunya ta kama. Ya ce yaron nan da suke haya yau bai samu zuwa ba, ga kuma wata ɗaliba can tana jira, ita ce ta gaba. Ko zai taimaka ya tsaya a madadinsa? Za a biya shi, kuma za a riƙe sunansa ko da irin haka ta sake faruwa. Wasu aka ce za a ba su dala 1, wasu dala 20. In mutum ya yi jim, sai a ce masa ai 'yan mintoci ne kawai. Ya karɓi kuɗi, ya sa hannu a rasit, a raka shi ɗakin jira.

Don a gane nauyin kuɗin: a wancan lokaci mafi ƙarancin ladan aiki da dokar tarayyar Amurka ta yanka dala 1 ne a awa. Ashe dala 20 ladan awa ashirin ne, a kan maganar minti biyu.

Ɗalibar da ke jira ita ma ta gida ce, haya aka ɗauke ta. An koya mata ta bar shi ya fara yabon aikin, sannan ta nuna mamaki, ta ce ai wata ƙawarta ta yi wannan gwajin a makon jiya, ta ce mata gundura ce zalla, in da hali ma ta zille. Wannan dabara ce mai kaifi, domin ta toshe wa ɗalibin ƙofar yin magana sama-sama. Dole ya zaɓa: ko ya amsa cewa ƙawar ta yi gaskiya, ko ya dage a kan ƙarya. Yawancinsu suka dage, suka ce a'a, akwai daɗi, za ta gani da kanta. Akwai rikoda a ɓoye tana ɗaukar hirar.

Daga nan aka kai kowannensu wani ofis dabam, wurin wani mutum da bai san rukunin da ɗalibin yake ba. Tun farkon zango an riga an sanar a aji cewa sashen yana bin diddigin gwaje-gwajen da ake yi da ɗalibai don a gyara su, kuma ana so kowa ya faɗi gaskiyarsa. Saboda haka ɗalibin ya ɗauka wannan hira ba ta da alaƙa da mai faranti da kwarkwaro. Tambayoyi huɗu aka yi masa. Babbar ita ce: aikin nan ya yi maka daɗi? Ba shi maki daga -5 zuwa +5.

Kafin lissafi an cire mutum 11, kuma dalilan cire su sun cancanci a tsaya a kansu. Biyar sun ce sun yi zargin cewa biyan kuɗin shi ne ainihin gwajin. Uku sun ƙi karɓar kuɗin, sun ƙi aikin. Biyu sun karɓa, amma da suka zauna da yarinyar suka fasa ƙwai, suka ce mata biyan su aka yi, aikin ba daɗi. Na ƙarshen ya yi ƙaryar yadda aka ce, sannan ya nemi lambar wayarta don ya kira ta ya yi mata bayani. Littattafan koyarwa kan tsallake waɗannan mutane, alhali suna nuna cewa ba kowa ne ke bi ta ƙofar da aka buɗe masa ba. Saura 60, kowane rukuni 20.

Abin da aka samu

'Yan ma'auni, waɗanda ba su yi wa kowa ƙarya ba, matsakaicin makinsu -0.45. Waɗanda aka ba dala 20, -0.05, kusan ɗaya da na farko. Waɗanda aka ba dala 1 kuwa +1.35. Da aka tambaye su ko za su so su sake shiga irin wannan gwaji, nan ma 'yan dala 1 ne a gaba da +1.20, sauran rukunan biyu duk suna ƙasa da sifili.

Wato wanda aka ba kuɗi mai tsoka ya yi ƙaryarsa, ya soke kuɗinsa a aljihu, ya fito yana sane da cewa aikin banza ne. Wanda aka ba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi ne ya fito yana cewa ai kuwa akwai ɗan daɗi.

A zamanin, wannan ya zo wa masana a bai-bai. Koyarwar da ke tashe ita ce lada ke kafa hali: gwargwadon yawan ladan da aka ba ka a kan abu, gwargwadon yadda za ka rungume shi. In haka ne, 'yan dala 20 ya kamata su fi son aikin. Akwai kuma masu ganin cewa in mutum ya canza ra'ayi bayan ya yi magana, to hujjojin da ya ƙirƙiro yana maganar ne suka rinjaye shi. Festinger da Carlsmith sun yi shirin wannan. Suka ba wasu mutum biyu, waɗanda ba su san wa aka ba nawa ba, hirarrakin da rikoda ta ɗauka, su auna wa ya fi zuba hujja da nuna zaƙuwa. Ba a samu wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin rukunan biyu ba.

Daga ƙarshe aka tara kowane ɗalibi da yarinyar, aka warware masa komai, aka kuma ce ya dawo da kuɗin. Marubutan sun ce kowa ya mayar ba gardama. Ni dai ina tausayin 'yan dala 20.

Fassarar Festinger

Shekara biyu kafin nan, a 1957, Festinger ya fitar da ra'ayinsa na saɓanin tunani. Asalin abin ya faro ne daga wani rahoto game da girgizar ƙasar da ta auka wa lardin Bihar na Indiya a 1934. Mutanen da suka ji motsin ƙasa amma bala'in bai taɓa garuruwansu ba, su ne suka yi ta yaɗa jita-jitar cewa wata masifa mafi muni na tafe. Me zai sa mutum ya ƙirƙiro wa kansa labarin tsoro? Festinger ya ce tsoron ne ya riga labarin. Suna cikin firgici, sun duba ba su ga abin firgita a gabansu ba, sai suka samo labarin da zai dace da abin da suke ji.

Haka ya karanta ɗaliban Stanford. A kan kowannensu akwai sani biyu da ba sa zama inuwa ɗaya: aikin nan gundura ne, kuma na kalli baiwar Allah nan na ce mata akwai daɗi. Zaman biyun tare yana haifar da ƙunci, mutum kuma zai nemi hanyar sauke shi kamar yadda yake neman ruwa in ƙishi ya kama shi. Mai dala 20 yana da sani na uku da ya shiga tsakani: an biya ni da kyau, wa zai ƙi? Magana ta ƙare. Mai dala 1 ba shi da wannan mafaka. Maganar ta riga ta fita, ba ta dawowa. Abin da ya rage mai lanƙwasuwa shi ne ra'ayinsa game da aikin, sai ya lanƙwasa shi. Ƙila ya ce ai motsa hannu ne, ƙila ya ce taimakon kimiyya ne. Ko ta wace hanya, ƙaryar ta ragu ta zama ƙarin gishiri.

Elliot Aronson, ɗalibin Festinger, ya ƙara wani abu da nake ganin ya fi kusa da zahiri. Ya ce ba kowane sani biyu masu karo ke damun mutum ba. Wanda ke ci masa rai shi ne wanda ya taɓa yadda yake ɗaukar kansa: ni mutumin kirki ne mai hankali, ga shi na yaudari wata a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani gwaji da Joel Cooper da Stephen Worchel suka yi a 1970 ya ƙarfafa wannan. Sun maimaita tsarin, amma wani lokaci mai sauraren yakan nuna ya yarda, wani lokaci ya ce shi dai bai gamsu ba. Ra'ayin maƙaryacin ya motsa ne kawai a inda ƙaryar ta shiga. In ba wanda ya cutu, ba abin wankewa.

Wanda ya ce ba ƙunci ko kaɗan

A 1967 wani matashin masani, Daryl Bem, ya zo da maganar da ta tayar da ƙura. Bai musanta alƙaluman ba. Cewa ya yi ba a buƙatar wani ƙunci ko saɓani don a fahimce su.

Tambayarsa ta fi ta Festinger zurfi: ta yaya ma mutum yake sanin abin da ke ransa? Mukan ɗauka kowa na da wata taga da yake leƙa cikinsa kai tsaye. Bem, wanda tunanin masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya yi wa tasiri, ya ce a duba yadda yaro ke koyon sunayen abin da yake ji. Uwa ba ta ganin cikin ɗanta. Faɗuwarsa take gani da kukansa, sai ta ce ya ji zafi. Daga alamun waje aka koya masa sunan abin da ke ciki. In ya girma, duk lokacin da abin da ke cikin ya zama mai rauni ko mai harshen damo, to alamun wajen nan zai koma wa, kamar yadda maƙwabcinsa zai yi in yana son ya san halinsa. Kowa ya taɓa ganin wanda ya ce ba ya jin yunwa, aka ajiye tuwo ya share malmala uku, sannan ya ce ashe yunwa nake ji haka. Kwanon ne ya ba shi labarin cikinsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da Bem ya ƙara shi ne, mai zuciyar ma sau da yawa can yake zuwa tambaya.

Ga yadda ya gwada. Ya tara ɗalibai 75, ya kunna musu faifai mai ba da labarin wani ɗalibi da aka kira Bob Downing, wanda ya yi aikin kwarkwaro da sanduna. Wasu suka ji an ba Bob dala 1 ya yabi aikin, wasu suka ji dala 20, wasu ba su ji zancen kuɗi ko yabo ba. Sai aka ce su kintaci makin da Bob zai ba aikin. Waɗannan mutane ba su murɗa sanda ko ɗaya ba, ba su yi wa kowa ƙarya ba, babu dalilin da zai sa ransu ya ƙuntata. Amma kintacensu ya bi sawun sakamakon Stanford: sun ce Bob mai dala 1 ya fi son aikin. Lissafinsu a fili yake. Wanda aka ba dala 20, kuɗi ne ya yi magana. Wanda ya yabi abu a kan dala 1, ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ya gani a ciki.

Bem ya ce to, in ɗan kallo zai kai ga wannan amsa cikin sanyin rai, me zai hana a ce ɗalibin Stanford ma hanyar da ya bi ke nan? An tambaye shi ko aikin ya yi daɗi, ya waiwaya ya ga kansa yana yabon aikin, ya duba bai ga wanda ya tilasta shi ba, bai ga kuɗin kirki ba, sai ya yanke cewa lallai ya ji daɗinsa.

Almajiran Festinger ba su yi shiru ba. Babbar hujjarsu ita ce ɗan kallo bai san abin da Bob yake ji kafin a ba shi kuɗi ba, shi kuwa Bob ya sani. Ɗan kallo na iya cewa ƙila Bob irin mutanen nan ne da aikin hannu ke burge su tun asali, shi ya sa ya yarda da dala 1. Amma wanda ya zauna awa guda yana hamma ya san bai ji daɗi ba, don haka ba za a haɗa shi da mai jin labari a faifai ba. Hujja ce mai ƙarfi, kuma an yi gwaje-gwajen da suka nuna cewa in aka gaya wa 'yan kallo ra'ayin mutumin na farko, kintacensu yakan sauya.

Amsar da Bem ya bayar, tare da Keith McConnell a 1970, ita ce a ganina wuri mafi ban tsoro a duk wannan labari. A Jami'ar Carnegie-Mellon suka tambayi ɗalibai ra'ayinsu a kan ko ya kamata ɗalibai su sami ta cewa game da darussan da jami'a ke koyarwa. Yawanci suka ce ƙwarai. Bayan mako guda aka sa su rubuta maƙala mai cewa bai kamata ba. Kamar yadda aka zata, waɗanda aka nuna wa cewa zaɓinsu ne su rubuta ko su ƙi, ra'ayinsu ya karkata zuwa ga abin da suka rubuta. Sai aka ce wa wasunsu: ba ra'ayinku na yanzu muke so ba, ku tuna mana abin da kuka ce a makon jiya. Suka kawo amsar da ta yi daidai da sabon ra'ayin. Tsohon ya ɓace musu. A wurinsu ba abin da ya canza, dama can haka suke gani.

Wannan ya rushe zaton cewa mutum yana riƙe da ra'ayinsa na jiya a hannu yana kwatanta shi da na yau. Ra'ayi na iya sauyawa ya share sawunsa. Shi ya sa in ka ce wa mutum ai da ba haka kake cewa ba, ya rantse maka cewa shi tun fil azal a nan yake, ba lallai ne ƙarya yake yi ba. Iyakar abin da ya iya tunawa ke nan.

Ƙwayar garin madara

An shafe shekaru ana ja-in-ja, domin kusan duk abin da ra'ayi ɗaya ya hango, ɗayan ma ya hango shi. Wuri ɗaya suka rabu: Festinger ya ce akwai ƙunci a jiki, Bem ya ce lissafi ne kawai. Mark Zanna da Joel Cooper suka samo hanyar raba gardama a 1974. Suka ba ɗalibai wata ƙwaya da sunan ana gwada tasirinta a kan ƙwaƙwalwa, alhali garin madara ne a ciki. Wasu aka ce musu za ta sa su ji ɗar-ɗar, wasu aka ce za ta sanyaya musu jiki, wasu aka ce ba ta sa komai. Sannan aka roƙe su su rubuta maƙalar goyon bayan hana masu zafafan jawabai magana a harabar jami'a, abin da ba su yarda da shi ba.

Waɗanda aka ce wa ƙwayar ba ta sa komai, suka kuma rubuta da zaɓinsu, ra'ayinsu ya karkata kamar kullum. Waɗanda aka ce wa za ta sa su ɗar-ɗar, ra'ayinsu bai motsa ba: sun ji ƙuncin, sun ɗora wa ƙwaya, ba sauran abin gyarawa. Waɗanda aka ce wa za ta sanyaya musu jiki su suka fi kowa canzawa, domin ga shi sun sha abin kwantar da hankali amma hankalin ya ƙi kwanciya, ashe abin da suka aikata babba ne. In da lissafi ne zalla, da zancen ƙwaya bai canza komai ba. Daga baya wasu gwaje-gwajen da suka auna gumin fata suka tabbatar cewa jiki yana tashi a irin wannan hali.

Galibi a nan ake cewa Festinger ya yi nasara. A kan batun ƙunci, haka ne. Amma a duba da me aka ci nasarar. An ci ta ne da nuna cewa mutum zai ji abu a ƙirjinsa, ya rasa daga ina ya zo, har garin madara ya karɓi laifin. Wato ko da akwai abin da ake ji a ciki, fassararsa daga waje take zuwa. Wannan kuwa ita ce zuciyar maganar Bem. Richard Nisbett da Timothy Wilson sun nuna irin wannan a 1977 da abu mai sauƙi: suka jera safa huɗu iri ɗaya sak a kan tebur a wani kanti, suka ce masu wucewa su zaɓi mafi inganci. Ta hannun dama aka fi ɗauka, kusan ninki huɗu a kan ta hagu. Da aka tambayi dalili, kowa ya kawo zancen laushi ko saƙa, kuma da aka ambaci wurin da safar take, kusan duka suka musa.

A shekarar 1977 ɗin dai, Russell Fazio da Zanna da Cooper suka raba wa ra'ayoyin biyu gona. In abin da mutum ya faɗa ya yi nisa da abin da ya yarda da shi, akwai ƙunci, kuma bayanin Festinger ne ke aiki. In kuwa yana kusa, cikin abin da dama zai iya amincewa da shi, babu ƙunci, mutum yana karanta aikinsa ne kawai yadda Bem ya ce. Akwai ma abin da ra'ayin Bem ya bayyana wanda na Festinger bai taɓo ba. A 1973, a makarantar renon yara ta Bing da ke cikin Stanford, Mark Lepper da abokan aikinsa suka ɗauki yaran da dama suke son zane da alƙaluman launi. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane. Da aka dawo bayan kwanaki aka ajiye alƙaluman ba alkawarin komai, waɗannan yara sun yi kusan rabin zanen da sauran suka yi. Ba ƙarya a nan, ba saɓani. Lada ne ya zo ya ƙwace dalilin: da ina yi don ina so, yanzu ashe don takarda nake yi.

Inda labarin yake da rauni

Saboda daɗin labarin, akan manta da ƙanƙantarsa. Mutum 20 ne a kowane rukuni, duk maza, duk ɗaliban jami'a guda ta masu hali. Makin +1.35 a ma'aunin da ya kai +5 ba soyayya ba ce, ɗan sassauci ne. An cire kusan mutum ɗaya cikin kowane shida, abin da mujallar yau za ta yi tambaya a kai. Tun a shekarun 1960 wasu suka ce dala 20 ta yi yawan da za ta sa ɗalibi zargin ana gwada ko za a iya sayensa, sai ya dage a kan ra'ayinsa don kare mutunci. In haka ne, wani ɓangare na tazarar daga 'yan dala 20 ya fito.

Akwai kuma batun al'ada. Steven Heine da Darrin Lehman sun gwada wani salon wannan bincike a 1997, inda mutum ke zaɓar faifan waƙa ɗaya cikin biyu sannan a ga ko zai ƙara wa wanda ya zaɓa daraja. 'Yan Kanada sun yi haka, 'yan Japan ba su yi ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mutanen gabashin Asiya ma suna wanke zaɓinsu, amma sun fi yi in zaɓin na aboki ne suka yi masa. Abin da ke ci wa mutum rai ya danganta da inda al'ummarsa ta ajiye mutunci, ko a kan daidaituwar maganarsa da ra'ayinsa, ko a kan kada ya ba na kusa da shi kunya. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki alƙaluman Stanford a shimfiɗa wa kowace al'umma yadda suke.

Gwaji mafi girma ya zo a 2024, ƙarƙashin jagorancin David Vaidis: ɗakunan bincike 39 a ƙasashe 19, da mutum kusan 4,900. Salon rubuta maƙala suka bi, inda ɗalibai ke rubuta goyon bayan ƙarin kuɗin makaranta. Waɗanda suka rubuta abin da ya saɓa wa ra'ayinsu sun karkata zuwa gare shi fiye da waɗanda suka rubuta a kan wani batu dabam. Wannan ɓangare ya tsaya da ƙafafunsa. Amma tsakanin wanda aka ce wa zaɓinka ne da wanda aka ba umarni kawai, ba a ga bambanci ba. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce, domin Festinger da Bem, duk da rigimarsu, a kan wannan gaɓa suka haɗu: cewa sai mutum ya rasa wanda zai ɗora wa alhakin aikinsa sannan ra'ayinsa ke bin aikin. Masu kare tsohon ra'ayi suna cewa ɗalibin yau ya san yana da 'yancin fita daga kowane gwaji, an ma sa shi ya sa hannu a kan haka, don haka ko wanda aka ba umarni yana jin da yardarsa ya yi. Mai yiwuwa ne. Amma wannan bayani ne da aka kawo bayan an ga sakamako, kuma shi ma sai an gwada shi kafin a karɓa.